In Adabatur Ya Zo

An ce mini tarihin rayuwa sai tsofaffi ke rubuta shi, waɗanda haƙoransu suka zube suka bar wa tunani wuri. Ni shekarata goma sha bakwai, haƙorana duk suna nan, har ina zaton an yi mini gyara. Amma na lura in na tsaya jiran tsufa, mutanen Tanut za su gama ba ƴaƴana labarina a karkace tun ban haife su ba. Saboda haka, ku ƴaƴan da ban haifa ba tukuna, ku matso kusa. Za ku ji ana cewa uwarku Balkisa, wadda ake kira Rediyo, ta raba yayarta da aiki biyu cikin wata guda. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma akwai yadda aka yi.

Gidanmu yana bayan kasuwar dabbobi, inda iska ke kawo mana kukan raƙuma kyauta. Baba dillali ne. In ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, ko jaki ne ya kusa mutuwa sai kun ji kamar dokin sukuwa ake ciniki. Daga wurinsa na gaji bakin nan, ko da yake shi ya ce daga dangin Inna ne. Akwai Iya, mahaifiyar Baba, wadda ba ta gani sosai amma tana jin faɗuwar allura a Olelewa. Sai Yaya Mariyama, ƴar fari, wadda saboda kunya Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce “waccan”. Yaya ta yi karatun kula da lafiyar dabbobi a Damagaram, ta dawo da takardar shaida mai hatimi uku, ta ƙare a shagon Alhaji Mamman tana sayar da maganin tsutsar ciki da gishirin lasa. Abin da yake ba ta kaɗan ne, amma duk ƙarshen wata yana zuwa, kuma da shi ake cefane a watannin da kasuwa ta mutu. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na ɓarar.

A bazarar bara, ina dawowa daga kolej, na ga takarda manne a bangon meri, ofishin magajin gari. Wani furoje ne, wato shirin taimakon makiyaya, yake neman mutum uku, waɗanda za su riƙa zagaya kwarin Tarka suna yi wa awaki allura suna koya wa mata kiwo. Biro ɗinsu, ofis ke nan, yana Belbeji. Duk abin da aka lissafa Yaya tana da shi, kamar an auna ta da igiya kafin a rubuta. Takardun guda biyu ne a bangon. Ɗaya ta biyo ni gida da kanta.

Bayan azahar kowa yana kwance ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida, zafi ya danne mu kamar an kifa mana tukunya. Na tsaya a kan turmi na karanta musu da muryar masu labaru, ina fassarawa. Da na kai ƙarshe Iya ta ɗaga kai daga tabarma.

“Duk na ji. Nawa za su ba da?”

Na duba. A layin ƙarshe an rubuta salaire, wato albashi, aka sa ɗigo biyu, sannan à débattre. Babu lamba ko ɗaya.

Na ce, “Iya, sun ce à débattre.”

“Wa?”

“À débattre.”

“Adabatur? Ɗan ina ne shi kuma?”

Nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a kan turmi. Na san battre duka ne, don Mushe, malaminmu na Faransanci, ya koya mana kalmar a aikace. Na fara ce musu sai an yi kokowa, wadda ta kayar da shef, shugaban furojen, ta kwashi kuɗin. Inna ta yi dariya har ta ƙware. Ni kuwa in aka yi mini dariya sau ɗaya, ba ni da birki. Na sauke murya, na duba hagu da dama, na ce:

“Iya, gaskiyar magana, kuɗin ne suka yi yawa. In aka rubuta su a bango ɓarayi za su gani. Kuma takardar ba ta da faɗin da sifilin za su shiga.”

Iya ta tashi zaune. Rabon da in ga ta tashi da sauri haka tun ranar da kunama ta shiga zanenta.

Da yamma Yaya ta dawo daga shago ta karanta da kanta. Ta ce ma'anarsa kawai sai an zauna an yi ciniki, ba wani abu ba. Baba yana alwala, ya tsaya da buta a hannu.

“Ciniki? To su taya mana. Mai saye ke tayawa. Shekarata talatin a kasuwa ban taɓa ganin an tambayi rago nawa yake so a saye shi ba.”

Inna ta ce, “Kai dai komai kasuwa. Waccan kada ta je ta buɗe baki ta tambayi kuɗi, a ce ba mu yi mata tarbiyya ba. Abin da suka ba ta ta karɓa da hannu biyu.”

Yaya ta haɗa dosiyen takardunta ta aika, aka shiga jira. Bayanin da ta yi kuwa bai kama kowa ba, don nawa ya fi daɗi. Adabatur ya riga ya shigo gidanmu ya shimfiɗa tabarma.

Ban taɓa jin daɗin wasu kwanaki kamar waɗannan ba, kuma ko yanzu da na san ƙarshen abin ba zan ce ban ji ba. Kullum bayan azahar, in gari ya yi tsit, kaji sun buɗe baki, inuwar bedi tana rawa a fuskokinmu, sai wani ya ce “in Adabatur ya zo”, shi ke nan mun tafi. Tunda ba a rubuta komai ba, kowa ya zuba abin da yake so a wurin. Inna ta sa firiji mai aiki da hasken rana, tana buɗe shi tana rufewa, sanyi yana zubo mata a ƙafa. Baba, wanda ya ce shi ba ruwansa, na kama shi yana auna rufin zaure da ido. Iya raƙuma take so, fara, mai dogon gashin ido, irin wadda ta ce ta gani tana yarinya a wani ayari da ya sauka bayan gari, ta yi kwana uku tana kallonta, da safe ta tarar sun tafi. Ta ce ba hawa za ta yi ba, a dai ɗaure mata ita inda za ta riƙa jin numfashinta. Ni teku na sa. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba, amma a ƙarƙashin bedin nan na ga Damargu duka ta cika da ruwa shuɗi, daga Falanko har Tarka, rumbunan hatsi suna yawo a kai kamar jirage, Adabatur yana tuƙa na gaba da babbar riga, fuskarsa ba ta ganuwa saboda haske. Har Yaya, mai hatimi uku, wata rana na ji ta ce a hankali, idonta a rufe, ita babur take so, ja, ta bi hanyar Tarka gyalenta yana tashi. Da ta buɗe ido ta ga ina kallonta ta ce in na faɗa wa wani sai ta yi mini allurar awaki.

Da a gida abin ya tsaya, da ba ku ji wannan labari ba. Amma ni ke zuwa famfo. A famfo na ce albashin ya kai a sayi mota. Kafin in kai tulu gida ya zama mota biyu. Ranar kasuwa wata mata daga Olelewa ta tare ni ta ba ni labarin wata yarinya a Tanut da Turawa za su riƙa biya da buhu, na saurara har ƙarshe ina mamaki, sai daga baya na gane yayata ce. Ba a yi sati biyu ba Yaya ta dawo gida da hantsi, lokacin da ba ta saba dawowa ba, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ba ta cire takalmi ba.

Inna ta ce, “Lafiya?”

“Alhaji ya ce tunda na samu aikin miliyoyi, ba zai tare mini hanya ba. Ya kawo ɗan ƙanensa. Har ya yi mini addu'a.”

“Ba ki ce masa ba a ko kira ki ba?”

“Na faɗa. Ya ce haka masu samu ke cewa.”

Ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba ya je ya sami Alhaji Mamman, ya dawo yana kaɗa kai, ya ce yaron har ya koyi inda ake ajiye makulli. Aiki na ɗaya ke nan. Daga ranar, Adabatur ya daina zama abin wasa. In bai zo ba, babu cefane.

Allah ya taimake ni aka kira Yaya a waya, aka ce ta zo Belbeji a gana. Inna ta ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, kuma duk gidan ni ce ba ni da aikin yi tunda an ba da hutu. Yaya ta ce gara ta tafi da akuya. Amma ni aka sa. Kafin mu fita Baba ya kira ta zaure ya ba ta karatun dillalai.

“Kada ki fara faɗin kuɗi. Su taya. In tayin bai yi miki ba ki ce albarka, ki yi shiru, ki dubi wani wuri. Za su ƙara. Kuma ciniki a gaban mutane ake yin sa. Duk wanda ya ja ki gefe ya ce kada kowa ya ji, akwai abin da ba ya so ki ji ne.”

Muka hau bayan buɗaɗɗiyar motar ƴan kasuwa da sassafe, tsakanin buhunan gishiri da wani tsoho mai riƙe da zakara. Hanyar Belbeji doguwa ce, ƙasa shimfiɗe ba iyaka, sai ƙaya jefi-jefi da garken da ke tafiya kamar ba su taɓa ƙasa. Da rana ta ɗaga, kawalwalniya ta fito gabanmu, ruwa fari ƙal yana kyalli, raƙuma suna tsaye a cikinsa har gwiwa. Na taɓa Yaya na ce ga tekuna can, ga kuma raƙumar Iya tana wanka. Ta kusa yin murmushi, sai ta tuna tana fushi da ni. Muna matsawa ruwan yana matsawa, har muka shiga gari bai yarda mun taɓa shi ba.

Biron furojen kuwa, ƴaƴana, wata duniya ce. Ka buɗe ƙofa sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya mare ka, kamar firijin Inna ne aka gina aka sa masa tagogi. Bangayen ciki duk gilashi. Akwai itace a tukunya wanda na tsinki ganyensa na tarar roba ne. An rataye hotunan awaki masu ƙiba, suna dariya, irin awakin da ban taɓa gani a Damargu ba. Kowane ma'aikaci yana da kati a wuya kamar laya. A kan wani allo an manna ƙananan takardu masu launi, an rubuta kalmomi manya, na ƙura ido na karanta ta tsakiya: transparence. Mushe ya taɓa gaya mana ita ce abin da ake ganin cikinsa. Lalle kuwa ana gani. Daga inda nake zaune ina hango mai shara, ina hango sakatare tana cin biskit a ɓoye, ina hango hanjin biron gaba ɗaya. Albashi ne kaɗai ba a gani.

Shef ɗin ya fito da kansa, dogo, mai fara'a, baƙo ne daga wata ƙasa ta yamma da mu, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Yaya ta rusuna ta ce Mushe, wato yallaɓai. Ya ɗaga hannu biyu ya ce a'a, a nan babu Mushe, babu shef, a kira shi Alber kawai, nan duk iyali ɗaya ne. Na dubi Yaya. Mutumin ya kai sa'an Baba, ta ina za ta kama sunansa tsirara? Har muka bar garin “ranka ya daɗe” take ce masa cikin Faransanci, ban san yadda ta yi ba.

Ni an kore ni waje bayan na sha kofi bakwai na ruwan sanyi daga wata na'ura mai kumfa. Na koma gindin aduwar da ke ƙofar biron, inda aka manna irin takardar nan tamu a bango. Mutum uku aka zaɓa a ƙarshe, aka riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na farko Laminu, ɗan Damagaram, mai takalmi mai tsini da za a iya huda kwarya da shi. Ta biyu Raisha, Ba'abziniya daga kwarin Tarka, siririya, mai magana a hankali, wadda ta iya Tamajak da Fulatanci da Hausa da Faransanci, kuma ta san kowace rijiya da sunanta. Ta uku Yaya. Kowa ya fito da ambulan a rufe. An ce su karanta kontira, takardar yarjejeniyar aiki, su sa hannu bayan an sha kafe.

Yaya ta ja ni gefe, fuskarta a rikice.

“Ya tambaye ni nawa nake so. Na yi shiru. Ya sake tambaya, na dubi itacen roba. Da ya gaji ya rubuta jaka tamanin ya turo mini.”

“Kika ce me?”

“Na ce albarka, kamar yadda Baba ya ce. Na dubi wani wuri.”

“Ya ƙara?”

“Ina fa! Ya dafe ƙirji, ya yi murmushi, ya ce babu komai, ai na cancanta. Ashe a garinsu in ka ce barka godiya ka yi. Har ya ce ya ji daɗi ban wahalar da shi ba. Sannan ya ce kada in gaya wa kowa, sirri ne tsakanina da iyali.”

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma ina dariyar maganar Baba tana yi mini yawo a ka: wanda ya ja ki gefe. Na dubi Laminu yana fifita da ambulan ɗinsa, na dubi Raisha ta riƙe nata a cinya da hannu biyu. Yaya ta ga idona ta ce, “Balkisa, kada ki.” Ta makara. Na riga na isa gaban Laminu na yi fuskar ta'aziyya.

“Sannu, Yaya Laminu. Allah ya ba da haƙuri. Na ji an ce ku maza jaka hamsin kawai aka ba ku, wai don ba ku iya tatsa ba.”

Ya miƙe kamar an taka shi.

“Ni? Hamsin? Ke yarinya, kin san da wa kike magana? Ɗari da hamsin, kuma sai da na ce ban da kuɗin waya!”

Ya faɗa ya gama kafin ya ji abin da ya faɗa. Raisha ta matso kusa. Ta buɗe ambulan ɗinta a hankali, ta juyo da takardar ta nuna mana. Sittin. Ita da za ta yi musu tafinta a kowace ruga. Ta ce da aka tambaye ta nawa take so, ta faɗi abin da ta ga ba za a ji haushinta ba.

Akwai guntun alli a aljihun jakata, tun na kolej. Ina iya ce muku hannuna ne ya tafi da kansa, amma na yi alkawari a wannan littafi zan rage ƙarya. Ni na je. Na tsaya gaban takardar da ke bango, ƙarƙashin à débattre, na rubuta lambobin uku manya-manya, ɗaya bisa ɗaya, yadda mai wucewa a kan jaki zai iya karantawa. A raina dillanci nake yi. Na ɗauka shef zai fito ya ga an yi ciniki a gaban shaidu, ya ji kunya, ya daidaita su, a tafa mini, in koma Tanut a gaban mota.

Mai gadi ya gani ya kira sakatare, sakatare ta kira Alber. Ma'aikatan duk suka taso suka manne a gilashi, kuma na lura ba mu suke kallo ba, lambobin suke kallo, kowa yana lissafi da leɓe. Wani direba ya fito ya tsaya gaban bangon ya daɗe, ya ce shekararsa shida a nan. Alber ya zo, fara'ar ta tafi. Ba mugu ba ne, na ga kunya a idonsa fiye da fushi. Ya ce shi ma haka ya tarar ana yi, kowa da abin da ya iya nema wa kansa. Sannan ya juya ga Yaya ya ce ya ba ta amana ta karya tun ba ta fara ba, alhali ɗazu da bakinta ta yi masa godiya.

Na zaci Yaya za ta nuna ni ta ce ga mai laifin. Tana da hakki. Ta dubi ambulan ɗin da ke hannunta, na san me take gani a ciki, cefanen Inna ne na wata da watanni. Sannan ta yi magana cikin Faransancinta mai hatimi uku.

“Ranka ya daɗe, ɗazu ba godiya na yi ba. A wurinmu in mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, yana nufin bai sayar ba. Ana faɗa da ladabi ne don kada a ɓata. Yanzu na ga abin da aka taya wa kowa.”

Ta miƙa masa ambulan da hannu biyu, yadda Inna ta ce ta karɓa.

“Albarka.”

Raisha ta tashi ta ajiye nata a kan na Yaya. Laminu bai ajiye ba, amma bai amfane shi ba, don kafin la'asar an ce an dakatar da ɗaukar ma'aikatan duka sai an ji daga Yamai. Ya bi mu har tasha yana kirana annoba. Aiki na biyu ke nan.

A hanyar komawa babu kawalwalniya, rana tana bayanmu. Mun yi nisa kafin Yaya ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

“Da na sa hannu, kin sani? Tamanin ɗin nan da na karɓa. Kin san kwano nawa na hatsi ke nan?”

“Amma ai kin ce albarka.”

“Bayan kin rubuta a bango me ya rage mini in ce? Ke kullum bakinki ke tafiya gaba, mu mu biyo da ƙafa.”

Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba har damina ta sauka ta ɗauke. Ku kuna ganin wasa ne. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, in tana son gishiri sai ta gaya wa bango. Ta bi Baba gona, mai takardar hatimi uku tana noma da hauya, hannunta ya yi kanta. Baba ya sayar da tunkiyar da Inna ke ji da ita. A kasuwa yana ba da labarin albarkar ƴarsa da alfahari, amma a gida na ga yana kallon rumbu. Bayan azahar kuwa kowa ya kwanta ƙarƙashin bedi ya yi shiru. Sau ɗaya na gwada cewa “in Adabatur ya zo”, Inna ta dube ni, na haɗiye sauran. Na rufe ido na nemi tekuna, na tarar ya janye, sai rumbuna zaune a kan yashi. Iya kaɗai ce wani lokaci in ta zaci barci muke, nakan ji tana yi wa raƙumarta magana ƙasa-ƙasa.

Bayan an yanke hatsi, wata ranar Laraba, Yaya ta shigo da takarda a hannu. Ta tsaya tsakar gida, ta dubi wajen da nake, ni kaina, ba bango ba.

“Ke Rediyo. Hau turmi.”

Na hau.

“Karanta. Amma abin da aka rubuta kaɗai. In kika ƙara ko wasali ɗaya sai na yi miki allurar nan.”

Furojen nan ne, aikin nan ne, mutum uku. Na karanta a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya. A layin ƙarshe, bayan ɗigo biyu, ga lamba a zaune, baƙa, ƙarama, kowa yana iya gani. Jaka ɗari da goma, kowa da kowa daidai, da kuɗin mai. Na faɗe ta yadda take. Ban taɓa faɗin abu yadda yake ba sai ranar, kuma na ji bakina wani iri, kamar na ci tuwo ba miya.

Iya ta ce, “Shi ke nan Adabatur ɗin?”

Na ce, “Shi ne, Iya. Ya rame a hanya.”

Yaya ta yi dariya. Ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa, ta zauna a kan tabarma tana share ido. Baba ya ce wannan taya ce ta mutunci, a sallama. Ni har gobe ina cewa allina ne ya jawo aka rubuta lambar. Yaya ta ce ba haka ba ne, direbobi da masu gadi ne suka tashi da magana bayan mun tafi, har aka aiko daga Yamai. Na ce to wa ya ba su abin karantawa? Ta ce in rufe baki. Kun ga dai ba ta ce ƙarya nake ba.

An ɗauke ta, an ɗauki Raisha. Laminu bai sake nema ba, kuma in ya zo Tanut ya gan ni sai ya tsallaka titi. Firiji bai zo ba, rufin zaure yana nan yana yoyo, babur ɗin da Yaya ke hawa na furoje ne, fari, ba ja ba. Daminar da ta yi tana noma ba wanda zai mayar mata, na sani, ita ma ta san na sani. Amma a ƙarshen watanta na biyu ta sauko daga motar Belbeji da igiya a hannu, a ƙarshen igiyar wani ɗan bunsuru fari, mai dogon gashin ido, ta kai shi har tabarmar Iya ta ɗaure a jikin bedi. Iya ta shafa shi tun daga kunne har wutsiya, ta daɗe, ta kara kunnenta a cikinsa tana jin numfashi.

“Raƙumar ke nan?”

Yaya ta ce, “Abin da aka rubuta ke nan, Iya.”

Iya ta ce to a bar mata shi, kuma ta riga ta san sunansa. Saboda haka in kun ji ana cewa Adabatur bai taɓa zuwa gidanmu ba, ƙarya ne. Ya zo. Yana nan ɗaure kusa da ni yanzu haka, ya cinye shafi biyu na farkon wannan babi, waɗanda na ba da labarin yadda na yi kokowa da shef na kayar da shi. Yaya ta ce ko bunsurun ya san ba a rubuta haka ba.